Ta'aziyyar da Ta Ci Hannun Yaya Bello

Tun da muka dawo daga wata tunga a bayan garin Kaya ba a bar ni na huta ba. A Islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har wadda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba sai ta tare ni a bakin famfo: "Kulu, wai mi ya samu Bello tela a ƙauye? An ce jifa ne." Jifa! Wallahi na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na maimaita sai raina ya sake ɓaci. To, zan faɗa sau ɗaya tun daga farko, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Sunan tungar da muka je ne kaɗai ba zan kama ba, don har gobe surukan yayana ne.

Yaya Bello uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa a nan Talata Mafara. Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin babbar riga bayan kasuwa ya san shi. Ya daɗe da ciwon suga, har ta kai shi ga allura safe da yamma. Matarsa Dije mutuniyar kirki ce, amma ko ganin allura ba ta iya yi, shi ya sa lura da ciwon nan ya dawo kaina.

Abin da na sani a kansa kuwa wajen maƙwabciyarmu Sista Rahila na koya, Kirista ce, ma'aikaciyar jinya da aiki ya kawo ta Mafara har ta zama 'yar gari. Wata rana Yaya ya yi allura ya shagala da ɗinki bai ci abinci ba, ya kife a kan keken ɗinkin. Bayan ya farfaɗo ta ja ni gefe.

"Anti Kulu," ta ce, "ku hawan suga kawai kuke tsoro. Saukarsa ma abin tsoro ce. In suga ya faɗi ƙasa jiki firgita yake yi, zuciya ta kama bugu, jini ya yi kauri ya soma danƙo. Shi kuwa mai wannan ciwo dama hanyoyin jininsa sun ƙuntata. Gudan jini ɗaya ya isa ya toshe hanyar kai ko ta zuciya. Kuma ko sugan ya dawo daidai, jinin ba ya sakewa nan take, yakan ɗauki kwanaki. In ya yi allura dole ya ci. In kin ga zufa da rawar hannu, ki ba shi suga, kada ki tsaya tambayar kowa."

Tun daga ranar ba na fita da Yaya sai da ƙullin suga da dabino a jaka.

Ana nan sai mahaifiyar Dije ta rasu a tungarsu. Dije ta wuce ran nan da 'yan'uwanta, mu kuma muka shirya zuwa sadakar uku, ni da Yaya. Da asuba ya yi allurarsa, ya kurɓi koko, ya ci ƙosai biyu. Na ce ya ƙara, ya ce a'a, sauri muke, in mun isa Janbako zai ci masa mai zafi. Na yarda, kuma wannan shi ne kuskurena na farko.

Saurin banza muka yi. Kun san yadda hanyar can take yanzu, direba ba ya tashi sai motar farko ta fito daga can ta ce hanya lafiya. Muka zauna a tasha har hantsi ya ɗaga. Motar kuwa wata tsohuwa ce da ake ɗaure ƙofarta da igiya, ana cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya. Ni na samu wuri tsakanin buhun gishiri da wata baiwar Allah mai kaji uku a cinya, waɗanda suka ɗauki zanena banɗaki tun kafin mu fita gari. Yaya yana gaba shi kaɗai, don wanda zai zauna da shi an ce a hanya za a ɗauke shi.

A Rini, cikin ƙasar Bakura, aka tsaya ɗaukar mutumin. Ina ganin Yaya ya zabura ya fito ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen titi, gabana ya faɗi. Ashe Kawu Ɗanjuma ne, ƙanen surukinsa, shi ma sadakar za shi. Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya iyali, ya mutanen Mafara, ya damina, a koma kan haƙuri. Sai da direba ya danna oda sau uku. Suka matsu a kujera ɗaya, Yaya ya takure jikin ƙofa, kansa a sunkuye, kamar ba shi ne mai jikoki huɗu ba.

Can gaba muka iske shingen masu tsaro. Kowa ya sauka, aka taka da ƙafa aka wuce, aka buɗe jakunkuna. Wanda ya duba tawa ya ci karo da allurai da kwalbar magani, ya ɗaga su sama yana kallona. Na nuna Yaya na ce ciwon suga gare shi. Sai ya saki fuska, da 'yar gurguwar Hausarsa ya ce babansa ma yana da shi. Ya juya wajen Yaya: "Baba, ka ci abinci?"

"Na ci, na ci," in ji Yaya.

Ku ji fa! Baƙo, wanda ko Hausa bai gama iyawa ba, ya san tambayar da ta kamata. Na so in ƙaryata Yaya a wurin, sai na dubi Kawu na haɗiye maganata.

A Janbako muka tsaya direba ya zuba ruwa a inji. Abinci kam ga shi nan har ya yi yawa: masa, rogo da ƙuli, awara, fura a ƙwarya. Na sayi masa mai zafi na miƙa wa Yaya ta taga. Irin hararar da ya watsa mini, rabona da ita tun ina yarinya. Kawu Ɗanjuma kuwa ya sayi tsire, ya baje takarda a cinya, yana ci yana tsotsar yatsu.

"Bismillah, Bello."

"Alhamdu lillahi, Kawu, a ƙoshe nike."

Bai ƙara tayi ba. Dama ba don a ci ya yi ba.

Da Yaya ya fito miƙe ƙafa na tare shi bayan mota. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka ci. Rana ta kusa tsaka, allura na jikinka."

"Kulu, ki rufa mini asiri. Gaban ƙanen surukina zan buɗe baki in tauna masa? Mi za a ce a tunga?"

"To zagaya bayan masallacin can ka ci, wa zai gan ka?"

Har ya karɓi ledar ya nufi can, sai ga Kawu da buta yana cewa madalla, shi ma dama zagayawa zai yi, su tafi tare. Yaya ya maido mini da leda ta bayan riga kamar kayan sata. Da ƙyar na samu na jefa masa dabino uku a aljihu. Har muka isa Kaya ina kallon ƙeyarsa, ko sau ɗaya muƙamuƙinsa bai motsa ba.

A Kaya mota ta ƙare, sai kabu-kabu. Ni da shekaruna aka ɗora ni bayan babur, ina riƙe da jaka da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ƙarfe ina salati. Akwai wani rafi da ake ƙetarawa kafin tungar. Mai babur ya ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga, muka yi tsalle a kan wani dutse, ledar masa ta suɓuce. Ina ji ina gani ruwa ya tafi da ita, takalmina ɗaya ya bi ta. Haka na shiga garin surukai, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, zane duk kashin kaji.

Yanzu bari in gaya muku al'adar mutanen nan, don ita ce tushen komai. Mu ma a Mafara muna kunyar surukai, ban ce ba mu yi ba. Amma mu mun san dabara. In suruki ya zo, sai a kai shi ɗaki shi kaɗai, a ajiye kwano, a ja ƙofa, kowa ya yi kamar bai san abin da ake ciki ba. Kunya ta samu nata, ciki ya samu nasa. Su kuwa a can, suruki ba ya sa komai a baki a harabar gidan, ko ruwa, matuƙar rana ba ta faɗi ba. Sai bayan magariba a kai masa abinci wani gida dabam. Kuma alfahari suke da abin. Wata tsohuwa ta ce mini su ba su lalace irin mutanen birni ba, har yanzu sun san girman suruki.

Tun daga nesa Yaya ya tuɓe takalmi ya nufi rumfar maza da aka kafa a ƙofar gida. Ni kuma mata suka yi ciki da ni. Kafin in zauna wata gwaggon Dije ta karɓe jakata, wai kayan baƙo ba ya zama a tsakar gida ranar taro, ta kai ɗakin marigayiya ta datse da kwaɗo. Na buɗe baki in ce akwai magani a ciki, sai ga Dije ta faɗo jikina tana kuka. Wa zai yi zancen jaka a nan? Muka yi kuka tare, na bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya ina gaisuwa, kowace sai ta tambayi mutanen Mafara da sunansu.

Da na samu sarari na raɗa wa Dije: "Mijinki bai ci komai ba tun asuba."

Ta share hawaye ta ce, "Na gaya musu yana da suga, Kulu. Baba ya ce an tanadar mishi nashi dabam."

Hankalina ya ɗan kwanta. Ban tambayi abin da aka tanada ba, ban tambayi yaushe za a ba shi ba. Kuskure na biyu ke nan. Daga baya na gani da idona: dafaffen zogale ne ko ƙuli babu, da jiƙon maɗaci cikin ƙoƙo, an rufe an ajiye sai magariba. Wai gata aka yi masa, tunda mai suga ba ya son zaƙi.

Mu mata kam an cika mu da abinci. Aka kawo hoce mai zafi, irin wainar dawar nan tasu mai kauri, da miyar kuka da ta ji daddawa, ga kunu, ga gumbar sadaka ana ta daka a turame uku. Ba zan yi musu ƙarya ba, hocensu ya fi namu. Yunwa nake ji, na ci, har na ƙara. Allah ya yafe mini, ina cikin gida ina lashe hannu, yayana yana waje jininsa na ƙonewa.

Ana gab da la'asar wata mata ta shigo tana riƙe da baki. "Ku ji abin mamaki, wai mijin Dije ya ce wa liman ya rufe mai baki!"

Yaya Bello? Mutumin da ko akuya ta shiga shagonsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta? Nan take na san abin da ya faru, don haka saukar suga ke sa mutum, ya fita hayyacinsa ya yi ta faɗa. Na tashi da gudu na nufi ɗakin da jakata take, ga kwaɗo. Ina gwaggo? Wai ta tafi maƙwabta aron tabarmi, makulli na ƙugunta. Na waiga, sai na hangi kwanon suga kusa da masu dakan gumba. Na dumbuza da hannu biyu na yi waje, ko mayafi ban gyara ba. Ina jin mata na kira a bayana, wai mace ba ta shiga rumfar maza.

Na same shi an jingina shi da ginshiƙin rumfa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannuwansa na kaɗawa, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa, yana ta surutai. Maza sun yi masa zobe, masu fifita na yi, masu tofi na yi. Surukinsa Malam Mamman, dattijo mai farin gemu, yana durƙushe a gabansa da ƙoƙon maɗacin nan yana ɗura masa.

"Ku ba ni wuri!" na ce. "Suga nai ne ya sauka!"

Kawu Ɗanjuma ya dubi hannuna. "Mi na na wanga?"

"Suga ne. Shi zai sha."

"Suga? Ga mai ciwon suga? Ke, kashe shi za ki yi?"

Ya cafke wuyan hannuna. Na fizge, ya ƙara riƙewa, sugan ya watse a ƙasa gaba ɗaya. Wallahi ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Na dubi farin suga cikin turɓaya, na dubi mutumin nan da ya cinye tsire a gaban yayana, na ji kamar in shaƙe shi.

Malam Mamman ya ɗago kai, cikin natsuwa, kuma natsuwar ce ta fi ƙona mini rai. "Ɗiyata, yi haƙuri, koma cikin gida. Ciwon ne ya taso mishi. Ɗaci ka kwantar da shi, mun sani, mun ga irinsa."

"Baba, ba tashi ya yi ba, sauka ya yi! Allura ya yi tun asuba bai ci komai ba, saboda kunyarku!"

Sai wurin ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce matan birni ba su da ta-ido. Wani ya ce ai duk duniya an san suga shi ke kawo ciwon suga, ko sunan bai ishe ta ba? Wani can baya ya ce shi a ganinsa ma iska ce, a rafin nan ya gamu da ita. Kowa likita ne a rumfar nan, kowa da ƙanen kakansa da ya yi irin ciwon. Ana wannan gardama aka kira la'asar, wasu suka tafi masallaci suka dawo, Yaya yana nan kansa na rinjaya gefe.

Na koma ciki da gudu. Wannan karon na ɗebi ruwa a moɗa, na juye sauran sugan kwanon duka, na dama da yatsa. Dije ta biyo ni tana kuka, mata suka riƙe ta, wai mai zaman makoki ba ta fita. Na fito ni kaɗai. Kawu ya sake shan gabana.

Na ce, "Kawu, ka saurare ni da kyau. In na ba shi wannan ya mutu, ga ni, ku kai ni gaban alƙali, ƙanwarsa ce ni, na ɗauka. In kuwa ya mutu a hannunku da ƙoƙon maɗaci, wa zan kai? Wa zai ɗauka a cikinku? Ya ɗaga hannu in gan shi!"

Ba wanda ya ɗaga. Liman, wanda Yaya ya yi wa tsawa, shi ne ya yi magana. Ya ce, "Ɗanjuma, ba ta hanya. Ita ta san ɗan'uwanta."

Na durƙusa na tallafi kansa. Allah ya taimake ni yana iya haɗiya, don Sista ta gargaɗe ni kada in ɗura wa wanda ya suma. Na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ina kiran sunansa. Moɗar ba ta ƙare ba rawar hannun ta soma raguwa. Can ya ƙifta ido, ya dube ni, ya ce, "Kulu, mi kike yi nan cikin maza?" Ya waiga ya ga surukinsa, ya ga moɗa a bakinsa, sai ya ture hannuna yana laluben hularsa.

Kun san abin da Kawu Ɗanjuma ya ce? Ya ce, "Ikon Allah! Maɗacin ya soma aiki."

Aka amsa masa da awo, awo, maɗaci ba wasa ba. Na ci gaba da goge wa Yaya zufa. Da na buɗe baki a lokacin, da auren Dije ya mutu a rumfar nan.

Komawa ran nan ba ta yiwu ba, don bayan la'asar ba mai babur da zai fita. Aka sauke Yaya a gidan wata ƙawar Dije ta ƙuruciya da mijinta, ban jira magariba ba na ɗauki hoce da miya na bi shi can, na tsaya a kansa sai da ya cinye. Dabino ukun nan na same su a aljihunsa yadda na sa su. Na so in kira Sista, aka ce waya ba ta shiga sai an hau wani tudu bayan gari, kuma ba a zuwa can yanzu. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin tsofaffi, mu bakwai da 'yar akuya mai jego. Sun yi mini kirki, har wata ta ba ni takalminta, amma ba wadda ta fasa gaya mini cewa abin da na yi a rumfa ba a taɓa yin sa ba a tungar.

Gari na wayewa na karɓi jakata na ce mu tafi. Yaya ya ce sai ya yi sallama da surukinsa, shi kuwa an ce ya leƙa gona sai hantsi. Na ce ko minti ɗaya ba zan ƙara ba, ga masu babur za su fita, in sun tafi sai gobe. Na ja shi kusan da ƙarfi. A hanya lafiya lau yake, har yana tsokanata wai na zama sarauniyar yaƙi. A Janbako ya ci masa har da neman ƙari, tunda ba Kawu. Na ce a raina, shi ke nan, mun tsallake.

Muna isowa na kira Sista Rahila na zayyana mata komai. Ba ta yi dariyar takalmina ba. Ta auna shi, ta tambayi tsawon lokacin da ya yi a haka, ta ce gobe da safe lallai mu je asibiti likita ya gan shi, kuma ya kwanta ya huta kwanakin nan, ya yi ta shan ruwa. Yaya ya ce to. Da safe na leƙa, Dije ba ta dawo ba tukuna, gida a rufe, ya tafi shago. Wai akwai rigunan angwaye da ya yi alkawari, kuma shi garau yake jin kansa, asibiti sai an kwana biyu. Na bi shi shagon na yi faɗa har maƙwabta suka fito. Ya yi ta ba ni haƙuri yana taka keke.

Kwana biyu da dawowarmu, da hantsi, na kai masa abinci. Yana tsaye yana yanka shadda, muna magana, sai almakashi ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya ɗago ya dube ni zai yi magana, na ga bakinsa ya karkace gefe guda. Na yi sauri na zuba masa suga a ruwa, na zaci irin na tunga ne. Wannan karon suga bai yi komai ba.

A asibiti likita ya ce gudan jini ne ya toshe wata hanya a kansa, ɓarin dama ya shanye. Na ba shi labarin tafiyar, na ce ya gaya mini gaskiya, abin da ya faru a tunga ne ya jawo? Ya ce ba zai rantse ba, don mai ciwon suga da shekaru irin na Yaya dama yana cikin haɗari. Amma saukar suga mai tsanani, wadda ta daɗe, tana sa jini saurin daskarewa har kwanaki bayanta, kuma irin wannan ne suke gudu. Ya tambaye ni awa nawa ya yi kafin a ba shi suga. Na soma lissafi daga Janbako, na zo rafi, na zo hocen da na ci, na zo gardamar rumfa, a nan lissafin ya tsaya mini.

To, masu cewa jifa, kun ji jifar. Ba wanda ya ƙi Yaya a tungar nan, sonsa suke, girmama shi suke. Da girmamawar da maɗacin da taurin kansa da shiruna muka taru muka yi masa wannan aiki. Shaddar da yake yankawa tana nan a kan tebur da rabin yanka, masu ita sun zo sun karɓi sauran sun kai wani wuri.

Kwana tara ya yi ba ya magana, sai sauti da ido. Dije ta baro makoki ta taho, ni da ita muke kwana muke tashi a kansa. Ran na goma da safe Dije ta fita wanke kwanuka, ina goge masa fuska, sai ya kama zanena da hannun hagu ya ja. Na sunkuya na kai kunne bakinsa. Na zaci ruwa zai ce, ko ya tambayi shago, ko hannunsa da ke kwance a kan zanen gado ba motsi. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmomin su fito, ɗaya bayan ɗaya.

"Kulu... mun taho... ba sallama. Baba... bai ji haushi ba?"

Na ce masa bai ji ba. Ya lumshe ido, hankalinsa ya kwanta. Na gyara masa hannun a kan filo, na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kuka.